Tarihin Yaƙi Da Maganar Ofis Mai Wuyar Ganewa

Kowace gwamnati a duniya da takarda take magana da talakawanta. Da takarda take kiran mutum kotu, da takarda take faɗa masa harajin da zai biya, da takarda kuma take sanar da tsohon ma'aikaci ko matar da mijinta ya rasu hakkin da ke nasu. Idan takardar ta faɗi magana a fili, mutum ya san abin da ake so ya yi, ya kuma san abin da zai nema. Amma idan aka cika ta da manyan kalmomi da jimloli masu tsawo kamar igiyar rijiya, sai mai ita ya riƙe ta yana jujjuyawa har wa'adi ya wuce, gona ko kuɗi ko 'yancinsa su salwanta.

Tun zamanin dā masu mulki sun san cewa umarnin da ba a gane shi ba, ba a iya binsa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a cikin Littafin Esta, sarkin Farisa ya aika da wasiƙu zuwa larduna 127, kowane lardi da irin rubutunsa, kowace al'umma da harshenta. Duk da haka, a ƙasashe da yawa an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana fama kafin ofisoshi su yarda su rubuta wa talaka abin da zai fahimta. Ga kaɗan daga cikin tarihin wannan fama, musamman a Ingila da Faransa da Amurka.

Sa'ad da kotu take magana da baƙon harshe

A shekara ta 1066 mutanen Nomandi suka ƙetaro teku daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na manyan mutane, daga baya kuma ya zama harshen da lauyoyi ke muhawara da shi a gaban alƙali. Littattafan kotu kuwa da harshen Latin ake rubuta su. Manomi Bature yakan tsaya a kotu ana shari'ar gonarsa, bai san abin da lauyansa ya faɗa ba, bai kuma san abin da abokin shari'arsa ya amsa ba.

Bayan kusan shekara 300, wato a 1362, a zamanin Sarki Edwad na Uku, aka kafa doka cewa a riƙa yin muhawarar kotu da Ingilishi. Dalilin da dokar ta bayar shi ne, mutane ba su san dokokin ƙasarsu ba, gama ana shari'a da harshen da yawancinsu ba sa ji. Abin dariya shi ne, ita kanta wannan doka da Faransanci aka rubuta ta, ta kuma bar rubutun kotu a cikin Latin. Lauyoyi suka ci gaba da rubuce-rubucensu da wani irin gurɓataccen Faransanci wanda ko mutumin Faransa ba ya ganewa sosai. A 1650 majalisa ta sake umarta a juya littattafan shari'a zuwa Ingilishi, amma da aka maido da sarauta a 1660 sai aka koma gidan jiya. Sai a 1731 aka yi dokar da ta tsaya, ta fara aiki a 1733. Ta ce dukan takardun kotu su zama da Ingilishi, ta kuma hana wani irin murɗaɗɗen rubutun hannu wanda akawunan kotu kaɗai suke iya karantawa.

Akwai wata cuta kuma banda baƙon harshe, wato yawan surutu. A wancan zamani akan biya akawu gwargwadon yawan shafin da ya rubuta, saboda haka abin da za a faɗa a layi ɗaya sai a ja shi ya cika shafi. A 1596 wani mutum mai suna Richard Mylward ya kawo wa kotu takardar ƙara mai shafi 120, alhali kuwa shafi 16 sun isa. Babban alƙali ya husata. Ya sa aka huda rami a tsakiyar takardun, aka zura kan mutumin a ciki, takardun suna reto a kafaɗunsa, aka zaga da shi cikin babban zauren shari'a na Westminista a gaban kowa, sa'an nan aka ci shi tarar fam 10.

A Faransa kuwa, Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa hannu a kan wata babbar doka mai sashe 192 a garin Villers-Cotterêts cikin watan Agusta na 1539. Sashe na 110 ya ce a rubuta hukuncin kotu a fili yadda ba za a sami shakka ko ma'ana biyu ba. Sashe na 111 ya ce a bar Latin a yi amfani da Faransanci. Wannan doka ce kuma ta umarci limaman coci su riƙa ajiye littafin sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Waɗannan sassa biyu na harshe suna nan da ƙarfinsu har yanzu a Faransa. Sai dai a lokacin da aka yi dokar, talakawa masu yawa a ƙauyukan ƙasar ba Faransancin fada suke yi ba, kowane yanki da nasa harshen, don haka ba kowa ne ya amfana nan da nan ba.

Harshe ya canja, duhu bai tafi ba

Da aka kori Latin da Faransanci daga kotunan Ingila, mutane sun zaci an gama. Ashe da sauran aiki. Ofisoshi suka ƙago nasu salon magana a cikin Ingilishin kansa. A ƙarni na 19 da na 20 aikin gwamnati ya yi ta faɗaɗa: haraji, fansho, makarantu, asibitoci, taimakon marasa aiki. Kowane sabon aiki ya zo da takardun cikewa da wasiƙu, kowace takarda kuma da irin maganar da ma'aikaci kaɗai yake ganewa.

Dalilan wannan hali ba su da wuyar samu. Na farko, tsoro. Ma'aikaci ba ya so a kama shi da laifi, sai ya rubuta a kaikaice yadda ba za a ce shi ne ya yanke magana ba. Na biyu, kwaikwayo. Sabon akawu yakan buɗe tsohon fayil ya kwafi wasiƙar wanda ya gada, shi ma wancan haka ya yi. Na uku, neman girma, gama wasu suna ganin babbar kalma ita ce alamar ilimi da iko. Na huɗu kuma, sabo. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda ya shekara ashirin yana amfani da wata kalma a ofis yakan manta cewa mutumin waje bai taɓa jin ta ba.

Don mai karatu ya ga irin abin da ake nufi, ga misali da Hausa. Ofis zai iya rubutawa haka: "Ana sanar da wanda abin ya shafa cewa, bisa la'akari da tanade-tanaden da ke ƙunshe cikin sashen da aka ambata a sama, rashin gabatar da shaidar biya kafin cikar wa'adin da aka ƙayyade na iya haifar da ɗaukar matakin da ya dace." Duk abin da ake nufi shi ne: "Ka kawo rasit ɗinka kafin ranar 30 ga wata. In ba ka kawo ba, za a ci ka tara." Ta farko ba ta faɗi ranar ba, ba ta faɗi hukuncin ba, ba ta ma nuna da wa ake magana ba. Ta biyu ko yaron firamare zai karanta wa kakarsa.

Cocil, Maverick da Gowers

A ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suna kai wa Ingila hari, Firayim Minista Winston Cocil ya rubuta wa ministocinsa da ma'aikatansu takarda mai shafi ɗaya a kan taƙaita magana. Ya yi kukan cewa rahotannin da ake kawo masa sun cika tsawo, suna ɓata lokaci, mutum sai ya yi ta lalube kafin ya sami gundarin batu. Ya nemi a jera manyan batutuwa a gajerun sakin layi, a tura lissafi da dogon bayani zuwa ƙarshen takarda, a kuma daina jimlolin da ba su ɗauke da kome sai cika wuri. A ganinsa, wanda ya tilasta wa kansa rubutu a taƙaice zai tilasta wa kansa tunani a fili.

A Amurka ma an sami mai irin wannan kuka. Maury Maverick, mutumin jihar Tekzas, tsohon ɗan majalisa, yana shugabantar wata hukumar da ke kula da ƙananan masana'antu a lokacin yaƙi. A 1944 ya gaji da takardun ma'aikatansa, ya rubuta musu cewa su bar maganar da ya kira "gobildiguk". Ya ce daga kukan talotalo ya samo kalmar, tsuntsun da ke taƙama yana hura wuya yana surutun da ba shi da ma'ana. Kalmar ta shiga bakin mutane, har yau kuma da ita masu jin Ingilishi suke yi wa maganar ofis ba'a.

Wanda ya fi kowa aiki a wannan zamani shi ne Sa Ernest Gowers, wanda ya rayu daga 1880 zuwa 1966. Shi kansa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya taɓa shugabantar hukumar harajin Ingila, a lokacin yaƙi kuma ya kula da tsaron farar hula a birnin Landan. Bayan yaƙi, shugaban ma'aikatar baitulmali, Sa Edward Bridges, ya roƙe shi ya rubuta wa ma'aikata jagora a kan rubutu. Ɗan littafin ya fito a 1948 da sunan Plain Words, wato kalmomi bayyanannu, ana sayar da shi sule biyu. Ga mamakin kowa, har mutanen da ba ma'aikata ba suka yi ta saye. Na biyu ya biyo baya a 1951, sa'an nan aka haɗa su wuri ɗaya a 1954.

Koyarwar Gowers mai sauƙi ce. Marubuci ya fara sanin abin da yake so ya faɗa. Kada ya yi amfani da kalmomi fiye da bukata. Ya zaɓi kalmar da aka saba da ita a kan baƙuwa, ya zaɓi wadda take nuna abu takamaimai a kan wadda take yawo a iska. Sama da duka, ya sa kansa a matsayin wanda zai karɓi wasiƙar, ya amsa masa tambayarsa da ladabi kamar mutum yana magana da mutum. Amma Gowers ya ware rubutun doka, ya ce masu tsara doka suna da nasu uzuri, gama tilas su toshe kowace kafa da mai wayo zai iya bi. Wannan uzuri shi ne aka yi ta gardama a kansa shekaru da yawa bayan mutuwarsa.

A cikin waɗannan shekaru kuma, a 1946, marubuci George Orwell ya ja kunnen mutane a kan wani abu da ya fi kasala muni. Ya nuna cewa masu mulki sukan zaɓi magana mai duhu da gangan, domin su lulluɓe mugun aiki da kalma mai laushi, kada mai ji ya ga hoton abin a zuciyarsa.

Matar da ta yayyaga takardu a gaban majalisa

Littafin Gowers ya gyara wasiƙun wasu ma'aikata, amma takardun cikewa da ake miƙa wa matalauta ba su canja sosai ba. Wadda ta tayar da wannan magana mace ce daga unguwar talakawa a birnin Libaful, sunanta Chrissie Maher. An haife ta a 1938, ba ta sami makaranta sosai ba, ba ta iya karatu ba sai da ta zama budurwa. Saboda haka ta san kunyar da mutum yake ji sa'ad da aka miƙo masa takarda ya kasa gane ta. A 1971 ta kafa wata ƙaramar jaridar unguwa, daga baya ta kafa wata domin manya masu koyon karatu, sa'an nan ta buɗe wurin da ake taimakon mutane cika takardun neman taimakon gwamnati. Ta sha ba da labarin wasu tsofaffin mata biyu da sanyi ya kashe, alhali akwai taimakon da ya kamata su samu, amma takardar nemansa ta fi ƙarfinsu.

A watan Yuli na 1979 ita da abokin aikinta Martin Cutts da wasu magoya baya suka kafa tebur a dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan, suka shiga yayyaga ɗaruruwan takardun gwamnati a idon jama'a da 'yan jarida. Ɗan sanda ya zo ya karanta musu wani sashe na dokar 'yan sanda ta 1839, da irin tsohuwar maganar lauyoyi. Da ya gama, sai matar ta tambaye shi ko duk wannan yana nufin su tashi ne. Da wannan aka kafa ƙungiyar neman Ingilishi bayyananne. Ƙungiyar ta ɗauki dabaru biyu: kowace shekara tana ba da kyautar ba'a ga ofishin da ya fi kowa rubuta shirme, daga 1990 kuma ta fara buga hatiminta a kan takardar da ta duba ta ga kowa zai gane.

Gwamnatin Magaret Taca ta ga akwai riba a ciki, gama takarda mai wuya tana jawo kuskure, kuskure kuma yana cin lokacin ma'aikata da kuɗin baitulmali. Sa Derek Rayner, mai ba ta shawara a kan rage ɓarna, ya sa aka bincika takardun cikewa, a 1982 kuma gwamnati ta umarci kowace ma'aikata ta duba nata. Aka soke dubbai, aka sake rubuta dubbai. Daga baya gyaran ya isa inda Gowers ya tsaya. A 1996 aka fara aikin sake rubuta dokokin haraji da magana mai sauƙi, aikin da ya ci har zuwa 2010. A watan Afrilu na 1999 sababbin ƙa'idodin kotunan ƙararrakin jama'a suka fara aiki a Ingila, aka kawar da kalmomin Latin da yawa waɗanda suka tsira daga dokar 1731. A 2012 gwamnati ta haɗa bayananta a dandali ɗaya na intanet, ta kuma ba marubutanta jerin kalmomin ofis da za su guje wa.

Amurka da sauran ƙasashe

A Amurka abin ya yi ta gaba da baya bisa ga wanda ke mulki. A watan Maris na 1978 Shugaba Jimi Kata ya ba da umarni cewa ƙa'idodin gwamnati su zama da magana mai sauƙi yadda waɗanda za su bi su za su fahimta. A wannan shekara hukumar sadarwa ta ƙasar ta sake rubuta ƙa'idodin ƙananan rediyon da direbobi ke magana da juna da su, ta mai da su tambaya da amsa. Kafin gyaran, ma'aikata biyar ne suke zaune suna amsa tambayoyin mutanen da suka rikice. Bayan gyaran, aka mai da su wani aiki. Amma a 1981 Shugaba Ronal Regan ya soke umarnin Kata. A ranar 1 ga Yuni 1998 Shugaba Bil Kilinton ya sake ba da irinsa. Da yake umarnin shugaba yana iya tafiya tare da mai shi, masu wannan fama suka nemi doka daga majalisa. Suka samu a ranar 13 ga Oktoba 2010, sa'ad da Shugaba Barak Obama ya sa hannu a kan dokar rubutu bayyananne. Dokar ta ce hukumomin tarayya su rubuta wasiƙu da takardun cikewa da sanarwa a fili, su horar da ma'aikatansu, su kuma riƙa ba da rahoto. Rauninta shi ne, ba ta ba talaka ikon kai hukuma kotu idan ta ƙi bi ba.

Faransa ta kafa kwamiti a 2001 domin sauƙaƙa harshen ofis da sake tsara takardun da jama'a suka fi cikawa. Suwidin ta sa a cikin dokar harshe ta 2009 cewa maganar hukuma ta zama mai tsabta, mai sauƙi, mai ganuwa. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi fice. Da mulkin wariyar launin fata ya ƙare, masu tsara tsarin mulkin 1996 suka yi niyya su rubuta shi yadda talaka zai karanta hakkinsa da kansa, aka kuma raba miliyoyin kofe a harsuna 11. Dokar kare masu saye ta 2008 ta ƙara da cewa takardar yarjejeniya da ake ba mai saye ta zama da magana bayyananniya. A 2023 kuma ƙungiyar ƙa'idodi ta duniya ta fitar da mizani a kan wannan batu. Bisa ga mizanin, rubutu ya cika bayyananne idan mai karatu ya sami abin da yake bukata a ciki, ya gano shi ba da wahala ba, ya fahimce shi, ya kuma iya aiki da shi.

Abin da tarihin ya nuna

Masu adawa da gyaran sun sha faɗa cewa magana mai sauƙi ba ta iya ɗaukar nauyin doka. Akwai ɗan gaskiya a ciki, gama wasu kalmomin sana'a ba su da madadi, sai dai a bayyana ma'anarsu. Amma aikin da aka yi a kan dokokin haraji na Ingila da tsarin mulkin Afirka ta Kudu ya nuna cewa yawancin duhun ba daga nauyin batu yake fitowa ba, daga al'ada ne. Sau da yawa ma sai an zo sauƙaƙa jimla ake gane cewa wanda ya rubuta ta bai tsai da abin da yake nufi ba tun farko.

Wannan tarihi ya shafi ƙasashen da Ingila da Faransa suka mallaka, gama salon wasiƙar ofis da ake gani a Yamai da Akara da Yawunde da Njamena daga wurinsu aka gaje shi. A waɗannan wurare Bahaushe yakan tarar da katanga biyu a gabansa: baƙon harshe, da kuma maganar ofis a cikin baƙon harshen. Shi ya sa aka daɗe ana ganin masu rubuta wa mutane wasiƙa zaune da teburinsu a bakin gidan waya da ƙofar kotu. Fassara kaɗai ba ta rushe katanga ta biyu. Idan aka juya murɗaɗɗiyar jimla zuwa Hausa kalma da kalma, murɗaɗɗiya za ta fito, kamar misalin da aka bayar a baya.

Daga dokar 1362 zuwa ta 2010 shekara 648 ke nan, kuma a kowane zamani sai da wani ya tashi ya sake faɗar magana ɗaya: a rubuta domin wanda zai karanta. Hausawa sun ce Hausa ba dabo ba ce. Duk wanda aka ba amanar rubuta wa jama'a takarda, ko akawun gunduma ne, ko malamin asibiti, ko magatakardan ƙungiya, yana da hanya mai sauƙi ta gwada aikinsa. Ya karanta wa mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu, sa'an nan ya tambaye shi abin da takardar ta ce ya yi, da ranar da zai yi shi. In mutumin ya kasa amsawa, sai a koma a sake rubutawa.